Kara-Kara a Allon Majigi: Sharhi a kan Fim ɗin «Zinder» da Batun Matasan da Aka Bari a Baya

A shekarar 2021 ne Aïcha Macky, haifaffiyar Damagaram wadda ta karanci ilimin zamantakewar al'umma kafin ta rungumi aikin fim, ta fitar da fim ɗinta mai suna «Zinder». An fara nuna shi a bikin Visions du Réel na garin Nyon a ƙasar Suwizilan, daga nan ya zagaya ƙasashe da dama, ya sha yabo. Fim ne na zahiri, babu ɗan wasa ko ɗaya a cikinsa, kowa da unguwarsa da sana'arsa da tabon da ke jikinsa, kuma tsawonsa bai kai awa ɗaya da rabi ba. Kafin shi, a 2016, ta yi «L'Arbre sans fruit» a kan matan da Allah bai ba haihuwa ba, wanda ya nuna cewa tana da ƙarfin halin taɓa abin da jama'a ke rufewa. Yanzu da hayaniyar bukukuwa ta lafa, lokaci ya yi da za a zauna a auna wannan aiki da ma'aunin gida: me ya nuna, me ya bari, kuma me malamin makaranta da ƙungiyar raya al'adu za su ɗauka daga gare shi game da dubban matasan da ba su aji, ba su wurin koyon sana'a, ba su kuma da aikin da zai riƙe su.

Unguwa da mutanenta

Kara-Kara unguwa ce a gefen birnin Damagaram, cikin duwatsu, inda tun asali aka keɓe kutare da sauran waɗanda gari ya ƙyamata. An samu maganin kuturta, cutar ta ja baya, amma sunan da aka laƙaba wa unguwar bai goge ba. Ƴaƴa da jikoki suka gaje shi kamar yadda ake gadon gona. A nan ne ƙungiyoyin samarin da ake kira «palais», ana furta shi «pale», suka yi ƙarfi, har sunansu ya zama abin tsoratar da yara a sauran unguwanni.

Fim ɗin bai tara jama'a da yawa ba. Akwai wani ƙaƙƙarfan saurayi na ƙungiyar da ta raɗa wa kanta sunan Hitler, wanda burinsa shi ne ya haɗa abokansa masu ɗaga ƙarfe su kafa kamfanin gadi, su ci gumin ƙarfinsu ta hanyar halal. Akwai tsohon shugaban wata ƙungiya da ya ajiye makami ya kama tuƙin kabu-kabu, yana ɗauke da nauyin ta'asar da ya aikata a baya, musamman a kan mata, yana kuma faɗinta da bakinsa. Akwai masu fasa-ƙwaurin man fetur daga iyakar Najeriya, ƴan ruwa-ruwa, waɗanda kowace tafiya tasu caca ce tsakanin riba da ƴan duwan da gobara. Sannan akwai gidan kaso, wanda ga samarin unguwar ya zama kamar wani zango da kusan kowa ke yada zama a cikinsa.

Hanyar da mai fim ɗin ta bi ita ce ta haƙuri. Ba ta jera masana gaban kamara su yi wa mai kallo lacca ba. Ta bar mutanen su yi magana da Hausarsu ta Damagaram, da zaurancensu da ashar ɗinsu da barkwancinsu, ita kuma tana tambaya a hankali. Duk wanda ya san yadda irin waɗannan samari ke gudun baƙo zai gane cewa ba a kwana ɗaya aka samu wannan amana ba. Ita ƴar gari ce, amma daga ɗaya ɓangaren garin, kuma ba ta ɓoye haka ba. Wannan gaskiyar ce ta hana fim ɗin zama yawon buɗe ido cikin talaucin wasu.

Inda fim ɗin ya yi ƙarfi

Babbar nasarar «Zinder» ita ce rusa wata magana da ta zauna a bakin manya, cewa matasan yau ragwaye ne masu zaman kashe wando. Mai kallo zai yi wuya ya ga rago a cikin wannan fim. Mutumin da ke tuƙa babur tun asuba har dare, ko wanda ke ratsa daji cikin duhu da jarkokin mai, ko wanda ke ɗaga ƙarfe har jijiyoyinsa su miƙe, ba ƙarfin aiki ya rasa ba. Abin da ya rasa shi ne ƙofar da zai shigar da wannan ƙarfi ta mayar masa da abinci da mutunci. Masu rubuta tsare-tsare sukan ce matasa sun juya wa aiki da makaranta baya. Fim ɗin ya juya tambayar: wa ya fara juya wa wani baya?

Wuri na biyu da ya kamata ya tsaya wa kowane malami a rai shi ne batun sunan Hitler da tutar da ke ɗauke da tambarinsa. Samarin sun ɗauka wani jarumi ne na Amurka da ba a taɓa kayarwa ba. Baturen da ke kallo a Nyon zai razana ko ya yi dariya. Malamin tarihi a Maraɗi ko Tawa kuwa ya san daga inda wannan jahilci ya fito. Darasin yaƙin duniya na biyu yana zuwa ne a ajin ƙarshe na kwaleji, shekarar birebe. Yaron da aka kora tun daga ajin farko na kwaleji, ko wanda bai taɓa taka lakwal ba, babu inda zai ji cewa a watan Yuni 1940, a Chasselay kusa da Lyon, sojojin wannan mutum sun ware baƙaƙen sojojin Afirka ta Yamma daga fararen abokansu suka kashe su saboda launin fatarsu. Saurayin da ke ɗaga tutar yana girmama wanda bai ɗauke shi a matsayin cikakken ɗan Adam ba, kuma babu wanda ya taɓa gaya masa. Wannan hoto guda ya fi rahoto mai shafi ɗari bayyana abin da barin makaranta ke haifarwa: gurbin da malami ya bari ba ya zama wofi, fina-finan daka da bidiyon wayar salula ne ke cika shi.

Na uku shi ne yadda kamara ke karanta tabo. A jikin waɗannan samari akwai sara da suka da ƙuna, kowanne da labarinsa. Mutanen da da yawansu ba su da takardar haihuwa, ba su da takardar makaranta, tarihinsu a fatarsu yake rubuce. Mai fim ɗin ta fahimci haka, ta ba tabon lokacin da ake ba takarda a gaban alƙali.

Inda ya rage

Duk da haka, kowane allazi da nasa amanu. Abu na farko shi ne sunan fim ɗin. Damagaram birni ne mai daɗaɗɗiyar sarauta, mai Birni da Zango da Sabon Gari, mai majema da dukawa da malaman zaure, wanda ya riƙe babban birnin Nijar har zuwa 1926, wanda kuma ya samu jami'arsa a 2010. Ɗora sunan gari duka a kan labarin unguwa ɗaya nauyi ne babba, domin mai kallo na waje ba shi da wani hoton da zai gwada da wannan. Ana iya kare mai fim ɗin da cewa da gangan ta yi, don ta tuna wa ƴan birni cewa Kara-Kara aikin hannunsu ce, ba za su iya yanke ta su yar ba. Hujjar tana da ƙarfi idan a Damagaram ake kallo. A Turai kuwa, inda fim ɗin ya fi samun masu kallo a farkon fitowarsa, ma'anar takan juye.

Abu na biyu shi ne yadda kamara ke daɗewa a kan ƙwanji da ƙirji da zufa. Hotunan suna da kyau, kyawun da wani lokaci ke neman rinjayar darasin. Yaro ɗan shekara 13 da aka nuna wa fim ɗin ba tare da mai yi masa jagora ba, yana iya fita da sha'awar babur da tuta fiye da tsoron kaso.

Abu na uku, mata sun fito ne galibi a matsayin waɗanda aka zalunta, ko masu zaman kansu da tashin hankali ya rutsa da su. Gaskiya ne, kuma ya kamata a faɗa. Amma idan ana maganar matasan da ba su makaranta ba su aiki, mafi yawansu a Nijar ba samari ne masu adda ba, ƴan mata ne da aka cire daga aji aka aurar. Binciken lafiya da yawan jama'a na 2012 ya nuna cewa kashi 76 cikin 100 na matan da ke tsakanin shekara 20 da 24 an aurar da su kafin su cika 18. Su ba su tare hanya, ba su ƙona taya, saboda haka kamara da hukuma duka sukan wuce su.

Abu na huɗu, wanda ya fi shafar masu nazarin harshe, shi ne rashin bambance «fada» da «pale». Kalmomin biyu ma'anarsu ɗaya, wato gidan sarki da majalisarsa, ɗaya da Hausa ɗaya da Faransanci, amma rayuwa ta raba su. Fada ita ce majalisar samari a ƙofar gida, da buta da gawayi da shayi kashi uku, da shugaba da ma'aji da tara ga wanda ya saɓa doka. Ta yaɗu a biranen Nijar tun shekarun 1990, kuma masaniya Adeline Masquelier ta keɓe mata littafi guda a 2019. Fadoji da yawa suna yin asusu, suna share unguwa, suna gadin dare, suna tsaya wa ɗan'uwa ranar aure ko rasuwa. Pale kuwa reshe ne da ya karkata zuwa makami da ƙwaya da faɗan unguwa. Wanda bai san ƙasar ba zai iya fita daga kallon fim ɗin yana zaton duk inda samari suka kewaye butar shayi, ƴan daba ne. Wannan kuskure yana da tsada, domin fada ita ce ƙungiya mafi kusa da matashi da duk wani tsari na gaskiya zai iya jingina da ita.

Tarihin da ba a gani a allo

Fim na zahiri ba littafin tarihi ba ne, ba a kuma zargin mai shi don ba ta faɗi komai ba. Sai dai mai sharhi wajibi ne ya cike gurbin, domin pale ba daga sama ta faɗo ba.

A zamanin Seyni Kunce, daga 1974 zuwa 1987, gwamnati ta farfaɗo da samariya ta gargajiya ta mayar da ita ginshiƙin tsarinta. Kowace unguwa da sarkin samarinta, ana gayya, ana gina azuzuwa, ana dasa itatuwa, ana gasar waƙa da wasan kwaikwayo a bikin matasa na ƙasa. A 1975 aka yi gasar kokawa ta ƙasa ta farko a Tawa, wadda ta ba ƙarfin ƙato fili da doka da alƙali da takobin girmamawa. Babu mai musun cewa samariya ta kasance kuma idon mulkin soja a cikin unguwa, kuma saboda haka ne ta faɗi tare da tsarin da ya rene ta lokacin da iskar dimokuraɗiyya ta kaɗa. Amma da ta faɗi, ba a kafa wani abu a gurbinta ba.

A daidai wannan lokaci kuɗin uraniyom ya ja baya, gyaɗar da ta riƙe Damagaram da Maraɗi ta riga ta durƙushe tun farin shekarun 1970, sharuɗɗan masu ba da bashi suka tsayar da ɗaukar ma'aikata kai tsaye. Ranar 9 ga Fabrairu 1990 aka harbi ɗalibai a gadar Kennedy ta Yamai, a 1991 aka yi babban taron ƙasa, a Janairu 1994 aka karya darajar sefa da rabi. Shekaru suka biyo baya na yajin aiki da bashin albashi da shekarar karatu da ake sokewa ɗungurungum. Alƙawarin da lakwal ta yi wa talaka tun zamanin Turawa, cewa wanda ya jure ya samu takarda zai samu biro, ya karye a gaban idon kowa. Ƙanen da ya ga wansa da digiri yana zaune a fada, da wace hujja za a riƙe shi a aji?

Daga nan aka shiga tseren yawan ɗalibai. Dokar tsarin ilimi ta 1998 da shirin shekara goma da ya fara a 2003 sun buɗe azuzuwa da yawa, abin a yaba. Amma an cika su da malaman sa-kai, daga baya ƴan kwantiragi, masu ƙaramin albashi da gajeren horo, sau da yawa cikin rumfunan zana irin waɗanda gobara ta cinye da yara a cikinsu a Yamai da Maraɗi a 2021. Laifin ba na malamin da aka tura ƙauye babu littafi ba ne. Awon PASEC na 2014 ya gano cewa cikin yaran Nijar da ke ajin ƙarshe na firamare, waɗanda suka kai matakin da ake bukata a karatu ba su kai ɗaya cikin goma ba. A 2019 an samu ci gaba, amma har a lokacin mafi yawa suna ƙasa da matakin. Yaron da ya shekara shida yana maimaita jimlolin Faransanci da bai fahimta ba, ya isa kwaleji inda malami takwas ko tara ke shiga suna fita, a shekarar farko ko ta biyu ake sallamarsa. Ya wuce shekarun da ake kai yaro wurin maƙeri ko tela, ya saba da alƙalami har ya raina fartanya, bai kuma samu takardar da za ta kai shi ko'ina ba. Irin wannan yaro shi ne ɗanyen kayan da pale ke sarrafawa.

Abin takaici, a Damagaram ɗin nan ne aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa da Faransanci a 1973. Binciken da aka yi a kan irin waɗannan makarantu ya sha nuna cewa yaransu sun fi saurin iya karatu, amma suka shafe shekaru gommai suna amsa sunan gwaji.

Tsare-tsare a kan ma'aunin Kara-Kara

Ba za a ce hukumomi sun naɗe hannu ba. Akwai ANPE mai rajistar masu neman aiki, akwai asusun FAFPA mai ɗaukar nauyin koyon sana'a, an yawaita cibiyoyin koyon sana'o'i a garuruwa da kwalejojin fasaha a gundumomi cikin shekarun 2010, Bankin Duniya ya tallafa wa shirin PEJIP na sama wa matasan karkara abin yi daga 2018, an yi dokar kare karatun ƴa mace a 2017, aka kuma buɗe makarantar kwana ta ƴan mata a Kelle a 2021. Hanya mafi sauƙi ta auna waɗannan ita ce a ɗauki mutanen fim ɗin ɗaya bayan ɗaya a kai su bakin kowace ƙofa.

Tun a bakin ƙofa takarda ke tare su. Rajista tana son takardar haihuwa da katin ɗan ƙasa da hoto, wani lokaci da shaidar rashin laifi daga kotu. Wanda aka haifa a gida a unguwar da ba a damu da ita ba, ya kuma taɓa kwana a kaso, ya faɗi tun kafin a fara. Tsarin da aka yi domin wanda aka bari a baya yakan ƙare a hannun wanda ya fi kusa da ma'aikatar magajin gari.

Wanda ya samu shiga, sau da yawa horon wata uku ne ko shida, a ba shi keken ɗinki ko injin walda, a ɗauki hoto, a rufe rahoto. Ba a tambayi kasuwa ko tana bukatar tela goma a layi ɗaya ba. Ba a tanadi jarin sayen yadi ba, ba a tanadi haya ba, ga wutar lantarki da ba ta da tabbas, wadda ta ƙara taɓarɓarewa lokacin da Najeriya ta katse layinta a Agusta 2023. Idan yunwa ta matsa, kayan aikin ne ke fara tafiya kasuwa. Porje yana ƙidaya yawan waɗanda aka horar, ba ya dawowa bayan shekara biyu ya ƙidaya waɗanda ke cin abinci da sana'ar. Saurayin fim ɗin mai son kafa kamfanin gadi bai nemi a koya masa ɗinki ba. Yana da ma'aikata, yana da tsari, ya san abin da gari ke bukata. Abin da ya rage masa shi ne rajista da kayan sarki da wanda zai amince ya ba shi kwangilar farko. Kaɗan ne cikin tsare-tsare ke fara da tambayar matashi abin da ya riga ya iya.

Ma'aunin kansa ma baƙo ne. A 2015 Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa cikin muradunta a rage yawan matasa ƴan shekara 15 zuwa 24 da ba su aiki, ba su karatu, ba su horo. An ƙera wannan ma'auni ne a ƙasashen da aiki ke nufin albashi. A ƙa'idar masu ƙididdiga, wanda ya yi aikin awa ɗaya cikin mako don samun kuɗi ana lissafa shi mai aiki. Da haka mai sayar da kwalbar mai uku a bakin titi ya fita daga lissafin masu matsala, almajirin da ya haddace izifi talatin ya shiga sahun marasa karatu, amaryar da ke daka da ɗiban ruwa tun asuba ta zama marar aikin yi. Likitan da ma'auninsa bai ga zazzaɓi ba, maganinsa ma ba zai same shi ba.

Rayuwar ƴan ruwa-ruwa ta nuna wani abin kuma. Matatar SORAZ da aka buɗe a 2011 a arewacin Damagaram, mai tace ganga 20,000 a rana, ta tayar da babban buri, amma matata aiki ce ta injuna da ƙwararru kaɗan. Samarin gari suka ci gaba da rayuwa a kan bambancin farashi tsakanin ƙasashe biyu. Da Najeriya ta cire tallafin mai a ƙarshen Mayu 2023, wannan bambanci ya narke, sana'ar dubban mutane ta girgiza a ƴan makonni, har ƙarancin man da aka yi a Nijar a farkon 2025 ya tona yawan kason kasuwar da suke riƙe da shi a da. Haka zinariyar Jado ta kwashi samari a 2014 kafin a rufe wurin a 2017. Matashin yana tafiya ne daga wata dama mai rauni zuwa wata, shawarar da ke kashe abincinsa kuwa a wani wuri mai nisa ake yanke ta.

Sai batu mafi ɗaci. Ranar 16 ga Janairu 2015 tarzoma ta ɓarke a Damagaram, aka ƙona coci-coci da cibiyar al'adu ta Faransa da Nijar mai ɗakin karatu da ɗalibai da yawa suka dogara da shi. A watan da ya biyo baya Boko Haram ta kai hari Bosso da Diffa. Daga nan ne masu ba da tallafi suka waiwayi samarin pale da sunan rigakafin tsattsauran ra'ayi. An yi ayyuka masu amfani, wasu ƙungiyoyi sun ajiye makami. Amma darasin da yaro mai wayo ya ɗauka shi ne cewa ba a ganin mutum sai ya zama barazana. Wanda ya zauna lafiya yana tura baro bai samu komai ba. Taimakon da tsoro ya haifa, ranar da tsoron ya koma wani wuri shi ma yakan bi shi.

Abin da ya rage ga malamai da ƙungiyoyi

«Zinder» fim ne da ya cancanci a kalle shi a gida fiye da yadda aka kalle shi a waje, kuma da yake da Hausa yake, ba ya bukatar tafinta daga Dogon Dutsi har Gure. Gidajen matasa da raya al'adu, da ƙungiyoyin wasan kwaikwayo, da kulob-kulob na lise, za su iya neman izinin nuna shi, da sharaɗin kada a kashe majigi a watse. A zauna a tattauna, a gayyato shugabannin fadoji da iyaye mata da limamin unguwa, malamin tarihi ya ba da labarin Chasselay, malamin Hausa ya sa ɗalibai su rubuta tarihin unguwarsu daga bakin tsofaffi. Ga ƙananan ɗalibai, a zaɓi sassan da suka dace da shekarunsu.

Bayan kallo akwai ayyuka ƙanana da ba su jiran porje. Kowane darakta ya san yaran da ba su da takardar haihuwa tun ajin farko. Ƙungiyar iyaye za ta iya tattara sunayensu ta kai su zaman kotun tafi-da-gidanka kafin shekarar jarrabawa ta riske su. Kowace kwaleji ta san waɗanda za ta sallama a ƙarshen shekara. Maimakon takardar kora kawai, ana iya haɗa yaro da wani maigidan sana'a amintacce, a kuma ci gaba da bibiyarsa. Azuzuwan gaggawa na wata tara, masu fara da harshen uwa kafin su mayar da yaro makaranta, sun nuna amfaninsu a ƙauyuka, kuma unguwannin gefen birni sun fi kowa bukatarsu. Fada mai asusu da shugaba tana iya zama ajin dare na karatu da lissafi, da boko ko da ajami, idan aka samu malami ɗaya mai ba da awa biyu a mako.

Kundin sake gina ƙasa na Maris 2025 ya ba Hausa matsayin harshen ƙasa, ya bar Faransanci da Ingilishi a matsayin harsunan aiki. Ko wannan mataki zai taɓa rayuwar yaron Kara-Kara, ya danganta da abubuwan da ba a rubuta su a kundi: littattafan karatu, horar da malamai, ƙamus na sana'o'i, jarrabawar da ke karɓar amsa da harshen da yaro ke tunani da shi, da kuma adalci ga masu sauran harsunan ƙasa. Makarantar 1973 ta riga ta nuna hanya a garin da aka ɗauki wannan fim.

Aïcha Macky ta yi nata: ta shiga inda mutane ke kewayewa, ta saurara, ta fito da fuskoki a inda aka saba jin jita-jita. Gazawar fim ɗin a fannin tarihi da batun ƴan mata da bambancin fada da pale gurbi ne da sharhi da aji za su iya cikewa. Samarin da aka gani a allo sun girma, wasu sun zama iyaye. Ƴaƴansu ne yanzu ke isa shekarun shiga lakwal, kuma rajistar watan Oktoba ita ce wurin da za a fara ganin ko garin ya ji abin da aka nuna masa.